Yadda A Ke Saba Wa Kare Da Busasshen Abinci

A Birnin Zariya ba a ajiye kare don ado. Duk wanda ya ajiye shi, aiki ya ke nema a wurinsa. Mai lambu a bakin Kubanni ko a fadamar Galma yana son mai yi masa gadin tumatir da rake da dare. Mai garken awaki a bayan ganuwa, wajen Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana, yana son abin da zai yi haushi in ɓarawo ya matso. Ɗan kasuwa yana son mai tsaron sito, 'yan farauta kuwa in kaka ta wuce ba su shiga daji sai da karnukansu. Malamai ma sun yarda da ajiye kare don farauta da tsaron gona da tsaron dabbobi. To, dabbar da a ke ajiyewa don aiki tilas a san abin da za ta ci, don kare mai yunwa ba ya tsaro, yawon bola ya ke tafiya.

Tun kaka da kakanni abincin kare shi ne sauran tuwo, da ƙanzo, da ƙashi, da abin da ya samu a mahauta. Yanzu kuwa akwai wani busasshen abinci da a ke yi a masana'anta musamman don karnuka, ƙwayoyi ne kamar girman gujiya, a cikin buhu. A kan same shi a shagunan maganin dabbobi da manyan kantuna. Kukan da masu saye su kan yi iri ɗaya ne. Mutum ya kashe kuɗi mai yawa ya sayo buhu, ya cika kwano ya ajiye, kare ya zo ya sansana ya juya baya. Ko kuwa ya cinye sarai, gari na wayewa sai ga gudawa. Daga nan sai a ce abincin ba shi da kyau, ko a ce karen ya cika yanga. Galibi kuwa laifin ba na abincin ba ne, ba na karen ba ne, na gaggawa ne.

Asalin wannan abinci

Wajen shekarar 1860 wani Ba'amurke mai suna James Spratt, wanda ya ke zaune a Landan, ya fara yin biskit na karnuka don sayarwa. An ce karnukan bakin tashar jirgin ruwa ya gani suna cin busasshiyar gurasar da matuƙa su ka yar, shi ne dabarar ta zo masa. Irin ƙwayoyin da a ke gani yau kuwa kamfanin Purina na Amurka ne ya baza su kasuwa a 1957. A kan niƙa hatsi, kamar masara ko shinkafa ko alkama, a gauraya da garin nama ko na kaza ko na kifi, a dafa da tururi mai zafi, a tura ta cikin ƙananan ramuka a yayyanka, a busar, sa'an nan a fesa masa maiƙo don ƙanshi.

Kada wani ya ce ai kare mai cin nama ne, ina shi ina hatsi. A 2013 masana a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin sun nuna cewa cikin kare ya fi na kakansa, kyarkecin ƙasashen sanyi, iya narkar da abinci mai sitaci, saboda daɗewar da ya yi yana zama da manoma. Shi ya sa karen Hausa ya ke rayuwa a kan tuwo. Amma tuwo kaɗai ba ya isa. Yana cika ciki, yana ba da ƙarfi, amma abin gina tsoka da ƙashi kaɗan ne a cikinsa. Amfanin busasshen abinci mai kyau shi ne an auna kome an haɗa a wuri ɗaya, ba ya tsami da wuri kamar tuwo, kuma yana da sauƙin ɗauka zuwa gona ko daji.

A fara tambaya: lafiyarsa ƙalau?

Kafin a ce kare zaɓen abinci ya ke yi, lalle a tabbata ba ciwo ne ya hana shi ci ba. Rarrabewa ba wuya. Karen da sangarta ke damunsa zai ƙi sabon abinci, amma in an jefa masa tsokar nama zai cafe tun ba ta kai ƙasa ba. Yana wasa, yana haushi, idonsa garau. Wanda ba shi da lafiya kuwa har abin da ya saba so zai ƙi.

Abubuwan da su kan hana kare cin abinci a wannan ƙasa sanannu ne. Akwai tsutsar ciki. Akwai zazzaɓin da kaska ke kawowa, wanda ya kan yi yawa da damina. Alamarsa kasala ce da zafin jiki, dasashi ya yi fari fat, wani lokaci fitsari ya yi ja. Akwai karyayyen haƙori ko ƙashin da ya maƙale a baki, wanda zai sa tauna abu mai tauri ta zama azaba. A wurin 'yan kwikwiyo kuma akwai muguwar cutar amai da gudawar jini, wadda ta bayyana a duniya a 1978, tana iya kashe kwikwiyo cikin kwana biyu ko uku.

Wanda ya fi duka hatsari shi ne ciwon haukar kare. Kare mai wannan ciwo ya kan ƙi abinci, halinsa ya sake. Mai fara'a ya koma ɓuya a lungu, ko mai sanyin hali ya koma cizo. Ya kan tauna itace ko dutse ko tsumma, miyau yana dalala, muryarsa ta dushe. Wani ba ya faɗa ko kaɗan, sai dai muƙamuƙinsa ya saki, baki a buɗe, kamar wanda ƙashi ya tsaya wa a maƙogwaro. A nan ne mutane su ke halaka, don mai kare saboda tausayi sai ya sa hannu a bakin zai ciro ƙashin. Kada a kuskura a yi haka. A tsare karen a inda ba zai kai ga kowa ba, a kori yara, a kira likitan dabbobi. In ya ciji mutum, ko miyansa ya taɓa rauni, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a tafi asibiti a ranar, ba sai gobe ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukkansu ta hanyar kare. In alamunsa su ka bayyana a jikin mutum, da wuya a tsira. Rigakafinsa kuwa allura ce ga kare tun yana wata uku, a kuma riƙa maimaitawa kowace shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda a ka kafa a 1924, tana yin wannan allura, kuma mutanen Zariya suna da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru.

Ƙa'idar ita ce, babban kare mai lafiya in ya tsallake abincin yini ɗaya ba kome. In ya kai kwana biyu bai ci ba, ko akwai amai, ko gudawa, ko kasala, to maganar ta wuce ta kwano, sai likita. Ɗan kwikwiyo kuwa ba a jira masa ko da yini ɗaya cikakke.

Zaɓen buhu

In an tabbata kare lafiyarsa lau, sai a koma kan abin da za a saya. Abu biyar a ke dubawa.

Na ɗaya, shekarun kare. Abincin kwikwiyo dabam, na babba dabam. Bisa ma'aunin da masu yin abincin dabbobi na Amurka su ke bi, wanda yawancin buhunan da a ke shigowa da su ke ambata, abincin babban kare kada furotin, watau abin gina jiki, ya gaza kashi 18 cikin 100, maiƙo kuma kada ya gaza kashi 5 da rabi. Na kwikwiyo da na karya mai ciki ko mai shayarwa kuwa furotin kashi 22 da rabi ne, maiƙo 8 da rabi. Karen farauta mai yini yana gudu ya fi son wanda ya haura haka.

Na biyu, jerin kayan haɗi. A kan rubuta su ne daga mafi nauyi zuwa mafi ƙanƙanta. Buhun da nama ko kaza ko kifi ya zo a farkon jerin ya fi wanda a ka fara da dusa. Wanda bai iya karatun Turanci ba ya sa ɗansa ko wani akawu ya karanta masa. A nan ne kuma za a gane ko da naman alade a ciki, don mai ƙyamar ya shigo masa gida ya kauce.

Na uku, ranar lalacewa da lambar rajistar hukumar NAFDAC.

Na huɗu, lafiyar buhun kansa. Wanda ya huje, ko maiƙo ya ɓullo ta jikinsa, ko ya daɗe a rana a bakin shago, a bar shi. In an tarar mai kanti ya farke buhu yana aunawa a mudu ko a leda, a yi hattara, don ba wanda ya san ranar da a ka buɗe shi. A sansana. Mai kyau ƙanshin gasasshen hatsi da nama ya ke yi. In yana warin tsohon mai ko na rima, kare ya riga mai shi sani, kuma da gaskiyarsa in ya ƙi.

Na biyar, girman buhu. Kada a fara da babba. A sayi ƙarami a gwada tukuna. Ga lissafi: karen gida mai nauyin kilo 15, wanda ba ya aikin wahala, ya kan ci giram 200 zuwa 250 a yini, watau wajen cikin gwangwanin madara uku zuwa huɗu. Buhu mai kilo 15 ke nan zai kai shi wata biyu ko fiye. Buhun da a ka buɗe kuwa an fi so a ƙare shi cikin mako shida, da damina ma kada ya wuce wata. Saboda haka mai kare ɗaya gara ya sayi ƙarami, ko su haɗa kuɗi da maƙwabci su raba babba. Kuma tun da yawancinsa daga waje a ke kawo shi, tsadarsa tana bin dala, kamar yadda a ka gani bayan faɗuwar naira a 2023. Mutum ya auna aljihunsa kafin ya fara, don saba wa kare da abin da ba za a iya ɗorewa da shi ba wahala ce biyu.

Yadda a ke canjin

Dalilin da ya sa ba a yin canji dare ɗaya shi ne, a cikin hanjin kare akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ke taimakonsa narkar da abinci, kuma sun saba da abin da ya ke ci kullum. In an sake abincin farat ɗaya, kafin su daidaita sai ciki ya ɓaci. Manomi ya san irin wannan a wurin ragonsa. Ragon da ya yi rani a kan harawa da dusa, in an sake shi cikin sabuwar ciyawar farkon damina ya ci iyakar cinsa, zawo zai yi. Haka kare ya ke.

Ga tsarin da likitocin dabbobi su ke bayarwa. A raba abincin yini kashi huɗu.

Kwana na 1 da na 2: kashi uku tsohon abinci, kashi ɗaya sabo.
Kwana na 3 da na 4: rabi da rabi.
Kwana na 5 da na 6: kashi ɗaya tsoho, kashi uku sabo.
Kwana na 7: sabo zalla.

A lura, ba cika da cika a ke musanyawa ba. Tuwo yawancinsa ruwa ne, busasshen abinci kuwa ruwan da ke cikinsa wajen kashi 10 cikin 100 ne kawai, don haka gwangwani ɗaya nasa ya fi malmala guda ƙosarwa. Abin nufi, a rage rubu'in tuwon da a ka saba ba shi, a sa rubu'in abin da buhu ya ce a ba kare mai nauyinsa. A cakuɗa su sosai yadda ba zai tsince wanda ya ke so ya bar saura ba.

Kare mai zaɓe, da tsoho, da wanda bai taɓa cin kome ba sai tuwo, a ja musu kwanakin zuwa 10 ko 14, a fara da ɗan abin da bai wuce cikin tafin hannu ba. Kullum a duba kashinsa. In ya yi laushi, a koma matakin baya a tsaya nan kwana biyu ko uku kafin a ci gaba. In da jini ko amai, a daina, a nemi likita.

Lokacin canjin ma abin dubawa ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗan farauta ya gama canjinsa tun da kaka, kafin a fara fita daji. Kada a haɗa canjin abinci da ranar allura, ko ƙaura zuwa sabon gida, ko makon da karya za ta haihu.

Dabarun shawo kan mai zaɓe

Kare da hanci ya ke cin abinci, ba da harshe ba. Busasshen abinci kuwa in yana da sanyi ƙanshinsa kaɗan ne. Saboda haka a zuba masa ruwan ɗumi a bar shi minti goma ya yi laushi, kamar yadda a ke jiƙa ƙanzo. Wannan kaɗai ya kan isa. In bai isa ba, a sa romon ƙashi, ko ɗan garin busasshen kifi, ko cokali ɗaya na kindirmo, ko dafaffen ƙwai. Amma romon ya zama wanda ba albasa, ba tafarnuwa, ba barkono, ba gishiri mai yawa. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna lalata jinin kare, don haka miyar gida ba ta dace ba. Goro da cakulan ma guba ne gare shi, dafaffen ƙashin kaza kuwa ya kan tsage ya soke hanji. Bayan ya saba sai a riƙa rage abin ƙarin har a daina.

Sa'an nan a tsayar da lokaci. Babban kare sau biyu a yini, da safe da kuma yamma in rana ta yi sanyi. Kwikwiyo sau uku ko huɗu har ya kai wata shida. A ajiye kwano minti 20. In bai ci ba a ɗauke, ba faɗa, ba lallashi, kuma kada a ba shi kome sai lokaci na gaba. Abin da a ka jiƙa ya rage a zubar, don da zafin bazara ba ya daɗewa ya ke lalacewa.

A nan ne yawancin mutane su ke faɗuwa. Maigida ya hana, yara su zaga su jefa masa ƙashi, ko almajiri ya juye masa sauran bara, ko a sake shi da dare ya tafi bayan mahauta ya ƙoshi. Kare yana da wayo. In ya gane cewa ƙin cin na kwano shi ke kawo nama, to an koya masa ƙi ke nan. Tilas mutanen gida duka su zama baki ɗaya, karen kuma a tsare shi a kwanakin canjin. In karnukan suna da yawa kowa da kwanonsa, nesa da juna, don wani ba zaɓe ne ke hana shi ci ba, tsoron babba ne. Kuma kada a cika wa kare ciki dab da fita farauta, ko da dawowarsa yana haki. A bari ya huta tukuna.

Ruwa da ajiya

Karen da ke cin tuwo yana samun ruwa a cikin abincinsa. Wanda ya koma busasshe ba ya samu, sai ya sha. Kare mai kilo 15 yana bukatar kusan lita ɗaya a yini, a watan Maris da Afrilu kuwa ya kan ninka haka. A ajiye masa kasko a inuwa, a sake ruwan kullum. Mai kai kare gona ko lambu ya tafi masa da nasa.

Ajiya kuma ba abin wasa ba ce. Akwai wata funfuna da ke kama masara da gyaɗa in sun sha danshi, tana haifar da guba mai suna aflatoksin. An gano ta ne bayan 1960, shekarar da talotalo wajen 100,000 su ka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa da a ka kawo daga Barazil. Gubar tana cin hanta, dafuwa ba ta kashe ta, kare kuwa yana cikin dabbobin da ba su jure ta. A ƙarshen 2020 da farkon 2021 karnuka fiye da 100 sun mutu a Amurka bayan sun ci wani busasshen abinci da a ka yi da gurɓatacciyar masara. Alamunta ƙin abinci ne, da amai, da kasala, ido da dasashi su yi rawaya kamar mai shawara.

Don haka a bar abincin a cikin buhunsa, a naɗe bakin a ɗaure, a sa cikin bokiti ko duro mai murfi, a ɗora kan katako, nesa da bango da rana da ɓera. A ƙara kula a watan Yuli da Agusta, sa'ad da ɗakunan ƙasa na cikin birni su ke yin rima. In an ga ƙwayoyin sun dunƙule ko sun yi fari-fari ko kore, a haƙa rami a binne. Kada a ce asara ce a zuba wa kaji ko awaki, don su ma tana kama su. Wannan gargaɗi ya shafi ƙanzo da dusa da ƙuli-ƙulin da su ka yi funfuna.

In ba halin saye

Ba tilas ne kowane kare ya ci abincin buhu ba. Wanda ba shi da hali ya ci gaba da tuwon dawa ko na masara, amma ya riƙa ƙara masa dafaffen kayan ciki, ko kan kifi, ko ƙwai, da ɗan dafaffen wake da kabewa, ba tare da miya ba. Wani kuma ya kan yi rabi da rabi, busasshe da safe, na gida da yamma, ko ya ajiye na buhu don lokacin farauta da kwanan gona. Duk wanda a ka zaɓa, a tsaya a kansa, in kuma za a sake a bi tsarin kwana bakwai ɗin nan.

Bayan wata guda jikin kare shi zai ba da shaida. In an shafa gefensa a ji haƙarƙari a ƙarƙashin hannu amma ido ba ya ƙirga su daga nesa, gashi yana sheƙi, kashi a dunƙule, to abincin ya karɓe shi kuma awon ya yi daidai. In haƙarƙari sun fito a ƙara masa, in sun ɓace cikin kitse a rage. In kuwa an bi duk wannan har mako biyu kare bai karɓa ba, a ɗauki karen da buhun a kai wa likitan dabbobi ya duba su duka biyun.